Kwalbar Ɗigo a Moton Yaya

Yaya ya dawo daga arewa kwance bisa katifa a bayan wata motar kaya, motonsa, wato babur ɗinsa, ɗaure da igiya a gefensa. Ni na hau na kwance moton, maƙwabta suka kama shi kansa suka shigar da shi gida. Ramin zinariya ne ya rufta da su. Shi an tono shi da rai, sai dai ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba. Abokin da suka shiga ramin tare, wani mutumin wajajen Dantchiao, can arewa aka yi masa sutura.

Lokacin ban daɗe da ƙare lakwal, wato makarantar boko, a Magarya ba. Takardar shaidar Birebe na hannuna, kuma wani ɗan ajinmu ya yi mini alkawarin wuri a shagon gyaran salula da yake aiki a Damagaram. Har jaka na saya. Mahaifinmu ya riga ya rasu, Inna ta manyanta, matar Yaya tana da goyo. Babu wanda ya ce mini kada in tafi. Inna dai ta ce in dakata Yaya ya ɗan warware, ni ma na ga maganarta daidai ce. Da aka kwana biyu sai matar Yaya ta ari jakar tana zuba kayan jinjiri.

Yaya ba mutumin kwanciya ba ne. Da ciwon ya lafa sai ya sa aka riƙa fitar masa da tabarma ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Dogo-Dogo, salula a gabansa. Da ita ya fara cinikin wake da riɗi. Ya san mutane tun daga Dungas har hayin iyaka, kuma Allah ya ba shi baki. Shi zai kira, ya yi ciniki, ya daidaita, ni kuma in hau moto in je in duba kayan, in auna, in ɗauro buhu in kawo gida ko in kai inda ya ce. Kafin shekara ta zagayo kowa a kasuwannin yankin ya san ni, amma ba da sunana ba. Ƙanen mai wake, haka ake kirana.

Moton yana da wani abu da ban taɓa gani a jikin na kowa ba. Wata ƴar kwalbar roba ce da za ka iya ɓoyewa a tafin hannu, ɗaure ƙarƙashin wurin zama. Siririn tiyo ya fito daga gindinta, ya bi ƙarfen ƙafar baya, har bakinsa ya kusa taɓa faifan haƙoran da sarƙa ke hawa. Wani tiyon kuma ya nufi wajen inji. In an tada moto sai mai ya fara ɗiga a kan sarƙa da kansa, in an kashe ya tsaya. A saman kwalbar akwai ɗan abin murɗawa na ƙara ɗigon ko rage shi. Mu a gida kwalbar ɗigo muke ce mata. Ƴan kabu-kabun Dungas kuwa cewa suke motona ba shi da lafiya, ƙarin ruwa ake yi masa.

Marigayi abokin Yaya ne ya samo ta wurin wasu matafiya masu ratsa hamada, shi kuma ya ɗaura ta da hannunsa. Wayar tagullar da ya naɗe tiyon da ita tana nan yadda ya murɗa ta. Kowa a gidanmu ya san haka, don haka ba a wasa da zancen kwalbar.

Kowace safiya kafin in fita sai na tura moton har gaban tabarma, in ɗora shi bisa ƙafar tsakiya. Yaya zai ja jiki ya matso, ya buɗe kwalbar, ya cika ta da baƙin mai daga wani bido, wato ƴar jarka, da ke ajiye a gefensa, ya ce in tada. Sai ya sunkuya ya zuba wa bakin tiyo ido har ɗigo ya faɗo, ya murɗa kaɗan, ya sake jira. Wani lokaci rana har ta fara zafi muna nan, mai kaya na jirana a Dungas, ni ina tsaye riƙe da kan moto kamar mai riƙe akuyar da ake tatsa. In ya gamsu sai ya goge yatsu da tsumma, ya bugi tanki da tafin hannu, ya ce, "Je ka, Allah ya kiyaye."

Da yamma kuma, kafin ya tambaye ni yadda ciniki ya kasance, sai ya fara duba kwalbar. Daga yadda man ya sauka yake gane nisan da na yi. Ran da na ratse zuwa Magarya don in gaisa da abokan lakwal, ban ko sauka daga kan moto ba ya ce, "Yau ka sha hanya." Ni kuwa ban sake ratsewa ba.

Ba zan ce kwalbar ba ta da amfani ba. Da damina, in an keta ruwan da ke kwanciya a fadama, sarƙar wasu takan wanke ta bushe, ta yi ja da tsatsa tana kuka, tawa kuwa shiru. Haka in na hau gudoro, wato kwaltar da ta bi ta Magarya, moton yakan tafi sumul, ba ka jin komai sai inji. Wanda hanyarsa doguwar kwalta ce, ba ya son tsayawa shafa mai, na san za ta yi masa rana. Amma ni kwalta baƙuwa ce a wurina. Hanyoyinmu rairayi ne, irin wanda taya ke nutsewa a ciki tana watso shi sama. Sarƙar da ke jiƙe da mai kuwa ba abin da take yi sai kama shi. Mai da rairayi su haɗu su zama wani baƙin kwaɓi, in ka murza shi a yatsa ka ji yana ƙaras-ƙaras. Shi ke shiga tsakanin gaɓoɓin sarƙa yana cin su, yana cin haƙoran faifai. Ga kuma zafi. Ɗigon da Yaya ya daidaita da sanyin safiya, in rana ta take sai man ya tsinke ya riƙa zuba, ya fantsama a taya, a buhun mutane, a ƙafar wandona ta hagu. Duk wandunana na lokacin ƙafa ɗaya baƙa ce. Akwai wata mai ƙuli-ƙuli a Dogo-Dogo da ta taɓa mayar mini da buhun gyaɗa, ta ce ita ba za ta soya wa mutane warin gareji ba.

Mai gyaran moton da nake zuwa wurinsa a Dungas dattijo ne mai fara'a, rumfarsa na kusa da masu sai da esansi, wato fetur, a kwalabe. Karon farko ya sake mini sarƙa, na biya na tafi. Da na koma tun ba a je ko'ina ba, sabuwar ta saki har tana dukan murfi, sai ya yafito ni ya nuna mini haƙoran faifan. Sun yi tsini, sun lanƙwashe gefe guda kamar ƙayar sarƙaƙiya.

"Ƙanen mai wake, wannan ƙarin ruwan naka shi ke kashe majinyacin," in ji shi. "Cire ta. A ƙasarmu sarƙa ta fi son a wanke ta da gazuwal, man dizal ɗin nan, a shafa mata mai kaɗan, a goge. Ni ciniki kake kawo mini, amma har na fara jin kunya."

Na ce masa ai na lura da haka, sai dai kwalbar ba tawa ba ce.

"To ka rufe ta in ka bar gida."

"Yana duba man da yamma."

Ya yi dariya, sai kuma ya ga ni ba dariyar nake ba. Ya sunkuya ya ci gaba da ɗaure noti.

Na daɗe ina juya maganar a raina kafin in kai ta gaban Yaya. Na zaɓi ranar da ciniki ya yi kyau, bayan la'asar, yana shan fura. Na kawo tsohon faifan na ajiye a bakin tabarma.

"Yaya, dubi haƙoran nan. Rairayi ne ke mannewa a man yana cin su."

Bai ko taɓa faifan ba. Ya ce, "Wa ya faɗa maka?"

"Na gani da idona, mai gyara ma ya faɗa."

"Mai gyara ya taɓa zuwa inda moton nan ya je?"

"A'a, Yaya."

"Da wannan kwalbar muka ratsa ƙasar da ba ruwa ba inuwa, sarƙa ko tari ba ta yi ba. Tuƙinka ne. Kana fisgar moto kamar wanda kura ta biyo."

Na so in ce can ba buhunan wake yake ɗaura masa ba, amma Inna da ke ɓarar gyaɗa a zaure ta yi gyaran murya. Na ɗauki faifaina na shige. Ta biyo ni har bakin rumbu, ta yi ƙasa da murya.

"Abu ɗaya ya rage masa da yake yi wa moton nan da hannunsa," in ji ta. "Kai kana da ƙafafu. Ka bar masa."

Na ce to, Inna.

Daga nan na koyi zama da abin. Ina yawo da tsumma da ƙaramar sanda a aljihu. In na yi nisa da gari sai in tsaya in kankare kwaɓin, in ci gaba, kafin in isa wani ya taru. Sarƙa ta riƙa zamewa a wuraren da ba a so, a tsakiyar kasuwa, a gaban jandarmomi, a bakin rijiya inda mata ke kallo. Na ƙware wajen mai da ita har ba na sauke kaya sai in buhun ya yi nauyi ƙwarai.

Cikin wani rani ina tsakanin Dungas da gida, tsugune ina mai da ita, salulata ta yi ƙara. Ɗan ajinmu ne na Damagaram. Na maƙale ta a kafaɗa saboda hannuwana baƙi ƙirin suke. Ya ce maigidansa ya gaji da jira, in zan zo in zo, in ba haka ba akwai wani da ke so. Na ce masa in an cire amfanin gona. Ya ce bara ma haka na ce. Muka yi sallama cikin mutunci, bai sake kira a kan maganar ba. Na daɗe a tsugune bayan sarƙar ta hau. Gonaki fayau ta kowane gefe, ba shinge ba katanga, ga mai a tanki, hanyar Damagaram kuma na san ta. Na ɗaure buhun da kyau na nufi gida, don Yaya na jira ya kira mai kayan ya ce sun iso.

Da damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, wata safiya Yaya ya ce in ɗaura matashi a wurin zaman baya. Tun dawowarsa bai je ya yi wa mahaifiyar abokinsa gaisuwa ba. Yakan kira ta a salular wani jikanta, yakan aike ni in kai mata hatsi, amma shi bai je ba, kuma abin na cinsa. Inna ta ce a nemi amalanke. Ya ce a'a, a moto zai je, tsohuwar ta ga abin da ɗanta ya riƙa hawa.

Ya cika kwalbar kamar kullum, ya ƙara ɗigon, wai tafiyar da nisa. Sannan muka ɗora shi. Matarsa ta ɗaure ƙafafunsa da zane a jikin matakan moton don kada su ja ƙasa, ta kuma haɗa ƙugunsa da nawa ta ɗaure da rawani. Sai ran nan na san Yaya ya rame fiye da yadda riga ke nunawa. Buhun riɗi ya fi shi nauyi.

Da muka fita gari ya yi ta magana. Wannan gonar wane ce, wane ya makara da noma, dubi yadda wake ya yi a nan. Iska na dukansa yana dariya a bayan kunnena, rabon da in ji dariyarsa irin wannan tun kafin ya tafi arewa. Ya ce in ƙara wuta, na ƙara. Ruwa ya kwana biyu bai sauka ba, saman rairayin ya bushe ya yi laushi. Mun wuce Dantchiao, rana ta take, muna hawan wani tudu sai na ji ƙas! Inji ya yi kuka a banza, moton ya tsaya cak ya karkata. Da yake a ɗaure muke, tare muka faɗi.

Na kwance rawanin da kyar, na zare jikina, na ɗaga moton, na kwance zanen. Bututun hayaƙi ya kwanta a ƙaurinsa na dama, fatar ta saluɓe. Shi bai ma sani ba sai da ya ga fuskata, sannan ya duba. Ya ce, "A'a, dubi," kamar a jikin wani abin yake.

Itace ɗaya ne kusa, gawo, shi kuwa da damina ba ganye gare shi. Na ja Yaya zuwa gindinsa, na jingina moton, na shimfiɗa rawanin daga kan moto zuwa jikin itacen don ya sami ƴar inuwa. Na zuba masa ruwan gorarmu a ƙunar. Na ɗaga salula sama, na zagaya, ba rezo, kira ba ya fita. Sarƙar tana can baya a kan tudu, ta tsinke, kwance cikin rairayi.

"Miƙo mini ita," in ji Yaya.

Na miƙa masa. Ya bi ta da yatsu gaɓa-gaɓa. Ya lakato kwaɓin ya murza, ya kai kusa da kunne ya sake murzawa. Ya riƙe ta ta gefe, ta lanƙwashe kamar igiya, abin da sarƙa mai lafiya ba ta yi. Ya leƙa faifan, ya taɓa haƙoran. Ni kuwa a kan hanyoyin nan na sha shirya abin da zan faɗa masa in irin wannan rana ta zo. Da ta zo, ko ɗaya bai fito ba.

"Je ka nemo mutane," ya ce daga baya.

"Ba zan bar ka a rana ba."

"To mu zauna mu soyu tare?"

Ban iya gyara sarƙar ba, ban iya goya shi in kai shi gari a wannan rairayin ba, ban kuma iya juya masa baya in tafi ba. Na hau tudun na ƙwala kira ta kowane gefe. Manoma sun riga sun tashi daga gona. Na sauko na gyara masa rawanin, na sake hawa. Inuwar ta riƙa matsawa, ina jan shi yana bin ta. Ƙudaje suka gano ƙunar, na zauna ina kore su da hulata. Ruwan gorar ya ƙare. Ya ce in yi salla, na yi taimama na yi, shi ma ya yi daga zaune.

Rana ta fara karkata sai muka ji ƙarar amalanke. Wani dattijon Bafulatani ne, gonarsa da rugarsa na nan kusa, ya ɗebo ruwa a ganguna daga rijiya. Ya tsai da sansa, ya sauko, ya gaishe mu a natse kamar a ƙofar gidansa ya same mu. Ya dubi ƙafar Yaya ya girgiza kai, ya ba mu ruwa muka sha, ya zuba sauran a ƙunar.

"In mai da ku Dantchiao wurin likita," in ji shi.

"Baffa, gaba za mu," in ji Yaya. "Gaisuwar mutuwa zan je, na riga na makara da yawa."

Dattijon bai yi musu ba. Ya sauke gangunansa a gindin gawon, muka ɗora Yaya, muka ɗora moton a kwance kusa da shi. Ni na bi amalanken a ƙasa ina riƙe da tayar baya don kada ta zame. Haka muka shiga ƙauyen, mutane na fitowa kallo.

Tsohuwar ƴar ƙarama ce, idonta ya yi rauni. Aka shimfiɗa wa Yaya tabarma a ƙofar gida, ta fito tana laluben danga, ta zauna kusa da shi.

"Inna, ni ne wanda muka shiga tare," in ji Yaya.

"Na san muryarka. Sannu da hanya, ɗana."

Aka yi addu'a, aka shafa. Sannan ta tambayi abin da ba ta taɓa tambaya a salula ba.

"Ya sha wuya?"

"Bai daɗe ba, Inna. Ina jin muryarsa yana salati kusa da ni, sai na daina ji."

Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya ji ƙansa, muka ce amin. Yaya ya sa aka sauko da moton aka matso da shi. Ya kama hannunta ya ɗora a kan wayar tagullar.

"Shi ya naɗa wannan."

Ta bi wayar da yatsu a hankali har ƙarshe. "Haka yake ɗaurin danga ma," in ji ta. "Sai ya murɗa ya murɗa, in ka zo kwancewa ka yi ta faɗa." Yatsunta suka yi baƙi da mai, ba ta goge ba.

Yaya ya juyo wurina. "Kwance ta."

"Yaya?"

"Kwance kwalbar ka ba ta. Kada ka yanke wayar."

Na tsuguna na warware ta a hankali, tsohuwar ta yi gaskiya, sai da yatsuna suka yi ciwo. Na zubar da sauran man, na goge kwalbar, na naɗe tiyo da waya a jikinta. Ta karɓa ta ƙulle a bakin zanenta. Ramin da tiyon inji ya bari na toshe shi da tsinke da leda.

Can muka kwana. Washegari na sami wanda ya kai ni Dantchiao na sayo sarƙa da faifai, na ɗaura, a kan hanyar komawa muka tsaya likita ya wanke ƙunar ya naɗe.

Na ɗauka in kwalbar ta tafi zan sami sarari. Ta wani gefen na samu. Sarƙar da na ɗaura ran nan ta daɗe fiye da duk waɗanda suka gabace ta, wandunana suka huta, ba mai mayar mini da buhu. Ba kuma wanda zai san nisan da na yi. Na ratse zuwa Magarya wurin abokan lakwal, na zauna cikinsu a fada ana shan shayi. Zancensu na jarrabawar shiga aikin gwamnati ne da wanda aka tura ina, ni kuwa ba abin da na sani sai yadda wake ya kwana a Dungas. Suka yi mini kirki, suka tambayi jikin Yaya. Tun kafin a zuba shayi na biyu na ce zan kama hanya.

A gida kuma safiya ta zama wani iri. Na saba tura moton gaban tabarma, sai in tura, Yaya ya dube shi ya kau da kai ya ce, "Je ka." Ba bugun tanki. Ƙunar ta ƙi warkewa da wuri, ya yi ta zama a ɗaki, wata rana ko tabarmar ba a fitarwa. Muryarsa a salula ta yi sanyi, har wani mai riɗi ya tambaye ni ko mun bar sana'ar ne. Bidon baƙin man yana nan a gindin dogon yaro, kaji na hawa kansa. Inna kuwa in na shigo takan bi ni da ido har in shige ɗaki.

Wata ranar kasuwa na sayo buroshin haƙori da gazuwal a gwangwani. Da na dawo na sa aka fito da Yaya, na ɗora moton bisa ƙafar tsakiya a gabansa.

"Yaya, sarƙar nan kullum sai an wanke ta an shafa mai. Ni kuma in na dawo bayana ba ya sunkuyuwa."

Ba ƙarya na yi ba, bayan nawa yana ciwo. Ya dube ni ya daɗe, na san ya gane sauran. Sannan ya miƙo hannu.

"Kawo."

Ni nake juya taya, shi yana bin sarƙar da buroshi gaɓa bayan gaɓa, ya goge da tsumma, ya ɗiga mai da tsinken kara, ya sake gogewa har sai ta kusa bushewa. Ya fi mai gyara tsanani. In ya ga gaɓar da ta ƙage sai ya ce in koma baya, mu sake. Aikin ya fi daidaita ɗigo cin lokaci nesa ba kusa ba, kuma yana son haske, don haka duk inda na je dole in iso gida kafin rana ta yi ja. Muryarsa ta dawo, ciniki ya dawo, tafiye-tafiyena suka ƙaru. Na yi aure a ƙauyen, aka gina mini ɗaki a bayan na Inna.

Ƴan kabu-kabun Dungas sukan tambaye ni ko an sallami majinyacin. Wani daga cikinsu ya ga irin kwalbar a salula yana so ya sa a aiko masa, ya tambaye ni ko ta cancanci wahalar. Na tambaye shi hanyar da ya fi bi. Ya ce ƙauyuka. Na ce ya sayi buroshi.

Daminar bara ciniki ya kai ni har Yekuwa, wurin wani mai wake da muka saba. Kafin mu gama awo hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa buhunan wofi. Ya ce in kwana, ga ɗaki, ga tuwo an ɗora, ba mai hankalin da zai kama hanyar Dogo-Dogo a wannan yanayi. Na so in kwana. Ƙafafuna sun gaji, kuma rabon da in kwana a wani gari ni kaɗai har na manta. Na dubi sama, na yi masa godiya, na rufe buhun da leda na ɗaure.

Ruwan ya same ni a hanya, ya bi ni har gida. Na isa sharkaf, laka har gwiwa, da sauran ɗan haske. Tabarmar ba ta ƙarƙashin itace, an shigar da ita zaure. Yaya na zaune a bakin ƙofa, gwangwanin gazuwal a gabansa, buroshi a hannu. Ya dubi sarƙar da ta sha laka ya yi tsaki.

"Turo shi ciki," in ji shi. "Ka sake riga ka zo ka juya mini taya."